Ranar da Inna ta Kira Sunana

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Gusau, kuma sana'ar nan ta ɓata mini yarda da mutane tun ina saurayi. In aka kawo mini buhun gero ba samansa nake dubawa ba, hannu nake zurawa har gindi, don can ake ɓoye tsakuwa da ƙaiƙayi. Matata kan ce ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. Na faɗi wannan tun farko ne don mai karatu ya san irin bakin da yake saurare. Labarin jinyar mahaifiyata ne, na rubuta shi saboda masu tsofaffi a gida. Akwai abin da ba a faɗa maka a ƙofar ɗakin tiyata, mu ma ba a faɗa mana ba, ko kuma in ce an so a faɗa mana na toshe kunne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sunana Lawali, ni ne ɗan farin Inna. Ga ni da furfura a gemu, amma kafin jinyar nan ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Haka matan zamaninsu suke a Bilbis, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce. In da ƙannena take magana sai ta ce “yayanku”. In da baƙi ne sai ta ce “na Gusau”. In kuwa ni da ita ne, “kai yaro”, tana kallon wani gefe. Akwai wani mai sayar da kalanzir a unguwarmu da muke suna ɗaya, shi ma bai tsira ba, har ya rasu “mai sunan yaron nan” take ce masa. Ba zan ce abin bai taɓa sosa mini rai ba. Ina yaro in na ji ta ƙwala wa ƙanwata Asabe kira da cikakken baki, sai in ji kamar an raba ƙosai an tsallake ni. Da na girma na gane girmamawa ce, na bar shi a haka.

Da daminar bara Inna ta je ɗebo wa awakinta ruwa, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta faɗi a kan ƙugu. Aka kira mai ɗori daga Tsafe. Ya ja, ya murza, ya ɗaure, ya ce kafin wata ya mutu za ta taka. Aka yi mako biyu ƙafar sai gajarta take yi tana juyawa waje, Inna ba ta barci, ba ta kuma cewa wayyo. Ni dai na lura duk zuwan da zai yi sai ya tambayi lafiyar kajin gidan kafin ya tambayi ta mai ciwo. Ranar da ya ce a ƙara haƙuri a karo na ba adadi na samo mota, muka taso da sassafe, tunda hanyar nan ba mai hankalin da zai bi ta bayan la'asar.

A asibitin Gusau muka sha layi. Layin kati, layin hoto, layin jini, sai layin biya wanda shi kaɗai ne yake tafiya da sauri. Hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya rabu, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Geron da na ɓoye ina jiran ya yi tsada, haka na fito da shi na sayar a farashin da ko maƙiyina ba zan so masa ba. Safar hannu ma mu muke saye, kuma duk takardar da aka rubuta mana shago ɗaya ake nuna mana a bakin ƙofa, ban san ko na waye ba, amma na yi tunanina. Duk da haka in faɗi gaskiya, likitan ƙashin nan Allah ya yi masa hannu, akwai kuma wata nas baƙa mai ƙiba da take juya Inna kamar uwarta. Allah ya saka musu.

Ana gobe aiki sai ga wata mata doguwa da tabarau ta shigo ɗakin. Tana da farar riga, amma ba abin awo a wuyanta, ba allura, ba ta rubuta magani. Ta yi sallama ta ja benci ta zauna, ni kuwa ban taɓa ganin likita ya zauna kusa da talaka ba sai da dalili. Ta ce sunanta Dakta Balkisu, aikinta bincike ne a kan yadda tunanin tsofaffi yake kafin a yi musu aiki da kuma bayansa. Tana son ta yi wa Inna 'yan tambayoyi yau, ta sake yi bayan aiki, ta kuma biyo mu gida daga baya, in mun yarda.

Na ce, “Nawa za mu biya?”

Ta ce, “Ko sisi.”

Nan jikina ya ba ni. A wurin da ake sayar mana da auduga, wata ta zo da kyauta har da biyo mu gida? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na tambaye ta wa yake biyanta, ina ake kai amsoshin, me za a sa wa Inna a cikin ruwan da ake ƙara mata. Ta amsa duka ba ta ɓata rai ba, wannan ma ya ƙara mini zargi, don mai gaskiya ai yakan ɗan yi fushi. Na ce ba mu yarda ba.

Ta ce, “Ba komai, Malam Lawali, haƙƙinku ne. Amma in kun ga Inna ta canza bayan aikin, ko yaya ne, ku neme ni. Ofishina na bayan ɗakin hoto.”

Ta fita na bi ta da kallo. Wanda ya ce maka gidanka zai yi gobara, ai sai ka laluba aljihunsa ko da ashana.

Aiki ya yi kyau. Inna ta farfaɗo ta sha kunu, ta tambayi ko an ba awaki dusa, muka yi ta hamdala. Washegari da yamma ne na ga tana tsintar zanen gado da yatsu biyu, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na yi mata magana ba ta kula ni ba. Da magariba ta yi sai ta ce a ɗaga ta za ta ɗora tuwo, Malam ya kusa dawowa daga gona. Malam shi ne mahaifinmu, ya daɗe a ƙasa. Da safe kuma sai ta yi lamo, ido a lumshe, kamar ba ita ba. Asabe ta ce zafin ciwo ne, na ce to.

Rana ta gaba na shigo da kunu a hannu, Inna ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce:

“Lawali, kore awakin ga, za su ci mini shanya.”

Ban san sadda kwanon ya kusa suɓuce mini ba. Asabe ta toshe baki da gyale ta fita da gudu, ina jin kukanta a baranda. Matar da take jinyar uwarta a gadon kusa da mu ta ce, “Alhamdu lillahi, ta gane ka, sauƙi ya samu.” Wanda bai san Inna ba ya ji tsohuwa ta kira ɗanta. Mu da muka san ta mun ji katangar gidanmu ce ta faɗi.

Da likitan ƙashi ya zo zagaye da ɗalibansa na ce masa Inna ba daidai take ba. Ya duba ɗinki, ya ce ya yi kyau. Ya nuna ni ya ce, “Mama, wane ne wannan?”

Inna ta ce da ƙarfi, a gaban maza, “Lawali na, ɗana na hwari!”

Ya ce, “To ka gani. Sauran kuma tsufa ne, in ta koma gida za ta ware. Jibi za mu sallame ku.” Suka wuce gado na gaba. Ta yaya zan ce wa likita uwata ba ta da lafiya saboda ta san sunana?

Daga nan masu dubiya suka buɗe kasuwar shawara. Wata gwaggonmu ta ce allurar barci aka zarce da ita. Wani ya ce jinin da aka ƙara mata na wani mashayi ne, halinsa ne ya biyo jinin. Matar gadon kusa ta ba Asabe sunan wani maganin ruwa mai sa barci, Asabe ta sayo a ɓoye tana ɗura mata da cokali, abin ya ƙara dagulewa. Inna ta fara fizge robar ƙarin ruwa, sai aka ɗaure hannunta da bandeji a jikin gado. Ranar da na ga haka na fita bayan ɗakin na yi kuka kamar yaro. Ƙanin Inna, Kawu Hassan, ya zo daga Bungudu ya dube ta sau ɗaya ya yanke hukunci.

“Wanga ba ciwon asibiti ba na. Bakin rijiya tah hwaɗi, kuma da magariba. Ku munka gaya ma tun hwarko, iska na. Akwai malami can wajenmu, kwana kaɗan zai raba ta da su. Gobe ina zuwa da mota.”

Ba da magariba Inna ta faɗi ba, da hantsi ne, amma Kawu ba ya barin ƙaramin abu irin wannan ya ɓata masa magana. Ni na zargi kowa. Na zargi mai allurar barci, na zargi mai jinin, na zargi Kawu da cewa yana da kaso a wurin malaminsa. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce mai tabarau. Kullum sai ta ratsa ɗakin ta duba wasu tsofaffi biyu da suka yarda da ita, in za ta fita sai ta ɗan saci kallon gadonmu. Ita ce ta ce Inna za ta canza, ga shi ta canza. Biri ya yi kama da mutum.

Na tare ta a baranda. Ban gaishe ta ba na ce, “Me kika yi wa uwata?”

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Mu je in gan ta.”

Muna isa Inna ta ce, “Lawali, wagga macce wa ta? Ka ba ta tabarma.”

Dakta Balkisu ta tsaya cak. Ta juyo a hankali ta ce, “Kai ne na fari?”

Na ce ni ne.

“Tun yaushe take kiranka haka?”

Wallahi duk asibitin nan ita ce ta farko da ta ji abin da muka ji. Sai dai ni da halina, abin da ya fara zo mini shi ne, wa ya gaya mata?

Ta zauna a bencin nan nata, ta kwance bandejin hannun Inna da kanta, tana murza wuyan hannun tana magana. Ta ce ita 'yar Kwatarkwashi ce. Tana makarantar likita aka yi wa mahaifinta aikin gwaiwa, ƙaramin aiki, ya tashi yana zagin surukansa, mutumin da ko cin abinci ba ya yi a gabansu. Aka ce hauka ne, aka kai shi gida aka kulle a ɗaki, kafin ta samu hutu ta zo ya daina ci ya daina sha, ta iske an yi bakwai. Tun daga nan ta bar sauran fannoni ta kama wannan. Ta ce ta tsufa tana bin tsofaffi daga gadon asibiti zuwa zaurukansu, tana son ta gane wa abin yake kamawa, me yake jawo shi, wa yake dawowa, wa ba ya dawowa.

Ta ce, “Tambayoyin da aka koya mana a littafi, yau nawa ga wata, wace shekara muke ciki, in na yi wa tsohuwar ƙauye ko lafiyarta ƙalau za ta faɗi. In kuma na nuna ɗanta na fari na ce wane ne wannan ta yi shiru, wanda bai san mu ba sai ya ce ta manta shi. Shi ya sa nake tambayar 'yan gida me ta daina, me kuma ta fara. A abin da na gani, kunya ba ta barin tsohuwa sai abu ya kai.”

Ta ce sunan abin a bakinsu diliriyam, kalmar ta zauna mini har yau. Ruɗewa ce da take kama mai rauni bayan aiki ko babban ciwo, takan zo ta tafi, ta fi tashi da yamma. Ta ce ƙwaƙwalwar tsoho kamar tsohuwar katanga ce, tana tsaye abinta, sai ruwa da iska sun haɗu mata a dare ɗaya. Zafin ciwo, maganin barci, ƙishirwa, rashin barci, baƙon wuri, wani ciwon da ya ɓuya a jiki. Sai ta juya ga Asabe ta ce, “Tana shan ruwa?”

Asabe ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce tun ranar da muka zo Inna take ƙin ruwa, sai dai ta jiƙa leɓe. Ta ce Inna ta gwammace ƙishi da a kawo mata fo na fitsari a ɗaki cike da mutane, ga kuma yayanmu zaune a bakin gado. Ni ina can ina zargin duniya, ashe zaman da nake yi na nuna ni ɗa nagari ne yana cikin abin da yake busar da uwata. Asabe ta kuma fito da kwalbar maganin barcin daga cikin jaka. Dakta ba ta yi mata faɗa ba, ta dai karɓe ta sa a aljihu. Aka gwada fitsari aka samu ciwo a mafitsara. Dakta ta je ta samu likitan ƙashi, aka ɗage sallama.

Da safe Kawu ya iso da mota kamar yadda ya ce, har da katifa a baya. Da ya ji an ɗage sallama ya ja ni gefe.

“Kai Lawali, ina wayonka na kasuwa? Wagga macce so take ta riƙe 'yar'uwata ta yi karatu bisa kanta. Su waɗanga in ba su ga mai ciwo ba mi za su ci? Kai ad babba, ka ce a ɗauko ta mu tai.”

Abin da ya faɗa shi ne abin da yake cikina, bai rage komai ba. Kuma maganar tana hannuna. In na ce a tafi, Inna ta ƙare kamar mahaifin mai tabarau, ni ne. In na ce a zauna, ta mutu a gadon asibiti da hannu ɗaure, dangi za su ce na sayar da uwata ga 'yan boko, ni ne dai. Na bar shi tsaye na tafi bayan ɗakin hoto. Ofishin nata bai kai rumfata ta kasuwa ba, fanka ma ba ta aiki.

Na ce, “Ki gaya mini tsakaninki da Allah. In na bar ta a nan za ta warke?”

Ta ce, “Ban sani ba. Da yawa sukan dawo. Wasu su dawo da ɗan saura. Wasu ba sa dawowa yadda suke, ko me muka yi. Shi ya sa har yanzu nake bincike, da na sani da na huta. Abin da na sani shi ne ciwon mafitsarar nan yana son magani, jikinta kuma yana son ruwa. Kuma ka ce ba ka yarda da bincikena ba, don haka Inna ba ta ciki, ba za ta shiga ba sai ka ce.”

Na daɗe a kasuwa. Duk wanda ya taɓa cuta ta rantsuwa ya yi mini cewa kayansa ba su da aibu. Mai ɗori ya ce kafin wata ya mutu. Kawu ya ce kwana kaɗan. Ita kaɗai ce ta buɗe buhunta ta nuna mini tsakuwar da hannunta. Ban ce na yarda da ita ba, amma da irin wannan nake ciniki. Na koma na ce wa Kawu Inna ba ta zuwa ko'ina.

Ya yi ta faɗa har mutane suka taru. Dakta Balkisu ta zo ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, “Baba, ai addu'a ba ta da gefe. Ku karɓo mata tofin, a yi shi cikin ruwa mai tsabta, mai yawa, ba ɗan kofi ba. Kuma daga hannunku za ta fi sha.” Kawu ya gyara hula ya ce dama shi abin da yake faɗi ke nan. Kullum sai ya zo daga Bungudu da jarka, ya zauna ya ce, “Sha, Yaya, kada ki rage, malam yac ce a shanye.” Inna da ta ƙi ruwan kowa sai ga ta tana shanye na ƙaninta. Har yau Kawu yana gaya wa mutane shi ya warkar da ita, ni kuma har yau ina zargin wayo aka yi masa. Allah dai shi ne mai warkarwa, ban shiga tsakaninsu ba.

Sauran abubuwan da ta sa mu yi ba su da tsada, abin da ya ba ni haushi ke nan, da ma tun farko ne. Aka matsar da gadon kusa da taga don Inna ta ga rana ta san safiya da yamma. Aka kawo mata carbinta da rediyonta da zanen da take rufa da shi a gida. Aka rage masu dubiya, wanda ya jawo mini gaba da rabin dangi. Duk wanda ya shigo sai ya faɗi sunansa ya faɗa mata inda take. In za a kawo fo Asabe ta kare ta da zane, ni kuwa in fice har bakin ƙofar asibiti in sayi rake. Masu gashin ƙashi suka fara tsayar da ita da ƙarfen dogarawa tana zaginsu.

Mako na farko ba mu ga komai ba, har na fara shirya abin da zan gaya wa mai tabarau. A na biyu awaki suka bar ƙarƙashin gado. Malam ya daina dawowa daga gona. Wata safiya ta tambayi Asabe wa ya biya kuɗin wannan ɗaki, ta ce a gaya wa mai biyan ya ji tsoron Allah ya daina ɓarna. Sunan kuwa ya riƙa raguwa, yau a ji shi da yamma, gobe a wuni ba a ji ba. A nan ne na kama kaina da wani abu. Ina roƙon Allah ya dawo mini da uwata, ina kuma kasa kunne ko za ta sake kira. Ciwo ne yake magana, na sani, amma da muryarta yake yi, kuma daɗi nake ji. Wannan ban gaya wa ko matata ba.

An sallame mu Inna ta koma Bilbis. Ta dawo, amma da ɗan sauran da aka faɗa mana. Tana sa gishiri sau biyu a miya, tana cakuɗa sunayen jikoki, in ta ajiye carbi sai an taya ta nema. Dā ita ce mai riƙe tarihin wa ya auri wa a danginmu, yanzu sai ta kama ta saki. Takan ce kanta ya yi mata nauyi. Mun gode wa Allah, amma ba zan ce an dawo mana da buhunmu cike ba.

Daga baya na yarda Dakta Balkisu ta sa Inna a bincikenta, bayan na sa ta maimaita mini bayanin tun daga farko, na kuma tambayi Inna da kanta ta ce a bar yarinya ta yi aikinta. Ta zo har gida a motar haya, ta zauna a tabarma ta sha fura. Ta ba Inna kalmomi ta riƙe, ta tambaye ta ranar kasuwar Tsafe, ta sa ta lissafo abin da ake sawa a miyar kuka. Can sai ta nuna ni ta ce, “Inna, wane ne wannan?”

Inna ta ja mayafi ta kau da kai ta ce, “Ke ɗiyar ga ba ki da ta ido? Yayan su Asabe na.”

Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce duk amsoshin ranar ba wadda ta kai wannan.

To, mai tsoho a gida, in za a yi masa aiki ka lura da shi kafin a shiga, don ka san abin da ya canza in an fito. Ka tabbata yana shan ruwa, ka kuma tambayi kanka ko kai ne kake hana shi sha. Kada ka ɗura masa maganin barcin da makwabcin gado ya ba ka. In ya fara abin da bai taɓa yi ba, ko da abin ya yi wa baƙo kama da lafiya, ka faɗa, ka kuma nace, don kai ka san shi, su ɗinki suka sani. Ka yi zarginka, ni ban hana ka ba, amma ka tsaya ka ji amsa.

Saura abu ɗaya. Ranar da za a sallame mu Inna ta kwana biyu garau. Ta san sallolinta, ta san inda take, ta koma “kai yaro” tana kallon bango. Asabe ta fita kai kaya mota, matar gadon kusa tana wanka, ya rage a gefenmu daga ni sai Inna. Na durƙusa ina sa mata takalmi, sai na ji hannunta a kaina. Ta ce a hankali, ba da muryar nan ta ciwo ba:

“Lawali. Sannu, Lawali.”

Ban ɗago ba, na kasa. Asabe ta shigo, Inna ta janye hannu ta ce, “Ke, ce ma yayanku ya yi sauri, rana tana yi.”

Na tambayi Dakta Balkisu ko ruɗewar tana iya dawowa na ɗan lokaci haka ta wuce. Ta ce tana iyawa, haka ciwon yake. Amma sai da ta ɗan yi jim kafin ta faɗa, ni kuwa na san jim ɗin mai ciniki. Ban yarda ba. Ina zargin tsohuwar nan ta ga ƙofar da ciwo ya buɗe mata tana shirin rufewa, ta san ba wanda zai kama ta da laifi, ta yi sauri ta miƙo mini abin da ta riƙe tun ranar sunana. Ba zan taɓa tambayarta ba, ita ma ba za ta faɗa ba. A cikin duk waɗanda na zarga a jinyar nan, ita kaɗai ce nake roƙon Allah ya sa zargina gaskiya ne.